Warin da Asibitin Ya Rasa

Da aka turo ni ƙaramin asibitin dabbobi na Matameye, ban san kowa a garin ba. Abin da na tarar shi ne ɗaki mai daɓen siminti, da tebur, da warin girezil, baƙin ruwan nan da ke komawa fari idan an sirka shi. Shekara da shekaru da shi ake wanke wurin.

Ana gab da Babbar Sallah aka kawo mini tunkiya daga Kurni, bakinta da kofatanta duk ƙuraje. Na duba littattafaina, na sake dubawa, domin ba ni da wanda zan tambaya. Girezil ba ya kashe ƙwayar wannan ciwo. Sai na zaɓi ruwan jabel, wato bilic, wanda ke kashe ta: in kankare kashin dabbobi da sabulu tukuna, in auna, in zuba, in jira ya yi aikinsa. Da ya bushe, bai bar wani wari a ɗakin ba.

Wata Hajiya, wadda mijinta ke cin rani a Kano, ta jawo ragon da take kiwo. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta shaƙi iska.

"Ɗan nan, ba ka wanke ɗakin ba ne?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da yawan ruwan da na sirka. Ta saurara cikin ladabi, ta ce ita dai ragonta ba zai shiga inda babu magani ba. Ta ɗaure shi a gindin itacen bedi da ke waje.

Kafin mako ya zagayo, kowa a nan yake ɗaurewa, mai lafiya kusa da marar lafiya, a kan turɓayar da babu abin da zai wanke ta. Ni kuwa ina tsaye cikin ɗaki mai tsabta ni kaɗai, ina kallon majinar marar lafiya tana ɗiga inda wani ragon zai sa baki.

Na daɗe ina auna ko abin da zan yi yaudara ne. Wata safiya, bayan na wanke ciki da jabel, na yayyafa girezil a jikin bango ta waje, nesa da daɓen, don kada magungunan biyu su haɗu.

Hajiya ce ta fara shigo da ragonta.

"Yauwa, likita. Yanzu ka koyi aiki."

Na ce mata na gode, na kama ƙahonsa, na buɗe bakinsa in duba.