Ɗan Masunta a Tafkin Geneva

Shekarun baya, tun kafin a ba mu mulkin kai, ina ƙaramin malamin dabbobi a En'e, aikina duba shanu a karar Wudil ranar kasuwa. Sai aka zaɓe mu mu biyu aka ce za a tura mu Ingila kwas na shekara guda, ni da abokina, wani malamin gona mutumin Lajawa. Tun daga elementare muke tare. Shi mutum ne mai sanyin hali, sai ya auna magana sau uku kafin ya furta. Ni kuwa a lokacin Allah ya hore mini baki.

Ni ɗan masunta ne. Gidanmu bai fi jifa biyu da bakin kogi ba, kuma na iya ruwa tun ban iya ɗaura wando ba. Mahaifina da rani yana su, da damina yana fito, yana tsaye a bayan kwale-kwale da doguwar gwangwala yana tokarar ƙasa. Haka na tashi na gani, haka na koya. Abokina kuwa ko kududdufi ba ya shiga. Yayansa ruwa ne ya ci shi, wata damina da kwale-kwalen 'yan kasuwa ya kife, abokina kaɗai ya rage namiji a ɗakin mahaifiyarsa.

Ana sauran kwana uku mu tashi, tsohuwar, mahaifiyar abokina, ta taso tun daga Lajawa ta zo gidanmu. Bayan ta gama gaisawa da mahaifiyata, ta sa aka kira ni. Na durƙusa.

Ta ce, "Yaro, an ce tafiyar nan taku ta ruwa ce."

Na ce, "Haka ne, Inna. Amma jirgin ya fi unguwarmu girma."

Ta ce, "Ni ban san wannan ba. Ku ne kuka san ruwa. Ga ɗan'uwanka nan, amana na ba ka. In ba dole ba, kada ka bari ya kusanci ruwa. Na ba da ɗaya, ya ishe ni."

Na dafa ƙirji na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Ruwan da zai taɓa shi sai ya fara da ni." Maganar ta yi mini daɗi a baki, har na so a ce mutane sun fi haka yawa a tsakar gidan.

Mako biyu muka yi a teku daga Ikko. Abokina ya yi su ne a kwance, tasbaha a hannu, ni kuma ina hawa sama ina dawowa ina ba shi labarin igiyar ruwa don in ga ya rufe ido. Muka isa lafiya, muka kama karatu, sanyi ya koya mana hankali.

Da aka ba da hutun Ista, makaranta ta shirya wa ɗalibai yawon buɗe ido. Muka ƙetare zuwa Faransa, muka shiga jirgin ƙasa, washegari muka sauka a Geneva, a ƙasar Siwizalan. Kwana biyu aka ba mu a can.

Gari ne mai tsabta, irin tsabtar da ke sa baƙo ya riƙa duba takalminsa. Duk inda ka juya shagon agogo ne, kuma duk agogunan lokaci ɗaya suke nunawa, abin da ya ɗaure wa abokina kai ƙwarai. Ya tsaya a wani lambu da aka shuka furanni jeri-jeri, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce, "Ka ga ƙasa irin wannan, an ɓata ta da abin da ba a ci." Nama kuwa ba mu taɓa ba, don ba mu san yankan wa ba ne. Burodi da cuku da shayi muka yi ta ɗurawa.

Amma abin kallon garin shi ne tafkinsa. Birnin ya rungume shi ta gefe biyu, can nesa ga duwatsu da ƙanƙara a kansu. A tsakiyar ruwan an kafa wani inji da ke harba ruwa sama, ya fi kowane rimi da na taɓa gani tsawo, ba don ban-ruwa ba, ba don sha ba, don kallo kawai. Ga wasu manyan agwagi farare masu dogon wuya suna yawo, ba mai jifan su. A ƙarshen tafkin, wajen wata doguwar gada, ruwan yana tsukewa ya zama kogi ya ratsa gari da gudu. Wannan na lura da shi tun ranar farko, don ido na ɗan su ba ya wuce irin wannan.

Rana ta biyu da hantsi aka sake mu, kowa ya yi inda yake so. Muna tafe a bakin ruwa sai muka iske wani tsoho yana ba da hayar ƙananan kwale-kwale. Turawa suna shiga da matansu, suna tuƙawa a zaune, sun juya wa gabansu baya. Na yi dariya na ce wa abokina, "Dubi yadda ake tuƙi a garin da ba masunta. Zo in nuna musu."

Ya ce, "Ka je, ina kallon ka daga nan."

Na ce, "Haba, ɗan Lajawa. Tafki ne fa, ruwa kwance. Leƙa ka gani, ga duwatsun ƙasa nan ana ƙirgawa."

Ya leƙa. Gaskiya ne, ruwan garau yake, har ƙananan kifaye kana gani suna wucewa a kan tsakuwa.

Ya ce, "Ka san abin da Inna ta ce."

Na ce, "A hannun wa ta ba da kai? To ga ni. Ko so kake mu koma gida a ce ka zo har nan, matan Turawa sun shiga ruwa kai ka tsaya riƙe musu jaka?"

Wannan maganar ce ta sa shi shiga. Na san za ta sa shi, shi ya sa na faɗe ta.

Tsohon ya riƙe mana kwale-kwalen, yana ta bayani da Faransanci, yana nuna mini wurin zama da wasu ƙarafa biyu da ake saƙala dogayen filafilan a ciki. Na ɗaga masa hannu, wato ya huta. Na zare filafili ɗaya daga ƙarfensa, na taka zuwa baya, na tsaya a tsaye kamar mahaifina, na tokari ƙasa. Kwale-kwalen ya tafi sumul. Na sake tokara, ya ƙara tafiya. Tsohon yana ta ɗaga murya a bayanmu, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ga inda na ɓata. A kogin Wudil ruwa ja ne, duk inda idonka ya ga ƙasa, to bai wuce gwiwa ba. Da wannan na girma, ban taɓa tunanin akwai ruwan da zai nuna maka ƙasansa alhali ya shanye mutum uku a tsaye ba. Ina ganin duwatsu ƙarƙashina ƙuru-ƙuru, na ɗaga filafilin na caka da dukkan ƙarfina, na sakar masa nauyina. Bai sami komai ba. Ya tafi, na bi shi.

Ban taɓa jin sanyi irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ashe ruwan daga ƙanƙarar duwatsun nan yake gangarowa. Numfashina ya ɗauke, ƙirjina ya ƙulle, kwat ɗin ulu da ke jikina ya sha ruwa yana ja na ƙasa. Da na taso, na ga faɗuwata ta tura kwale-kwalen gaba, ya shiga inda ruwa ke ja zuwa gada. Abokina ya miƙe tsaye a ciki, abin da bai kamata ya yi ba, kwale-kwalen yana tangaɗi. Gaɓa tana hannuna na dama, kusa. Shi yana hagu, yana nisa.

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Gaɓa na nufa. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, kuma jikina ya bi karin maganar nan ba tare da ya shawarce ni ba. Na jefa hannu, na sake jefawa, ina tafiya wajen tudu, na ba shi baya.

Sai na ji muryarsa. Ba ihu yake ba, bai ma kira sunana ba. Kalmar shahada yake yi, a hankali, kamar yadda yake komai. Na juya.

Na yi fama na tuɓe kwat ɗin a cikin ruwa, na harbe takalma, na bi shi. Ina iyo ina ihu, "Zauna! Kwanta a ciki! Kada ka kama gefe!" Allah ya sa ya ji, ya zube a tsakiya. Na cim ma igiyar da ke gaban kwale-kwalen, na naɗe ta a hannu. Hawa ba zai yiwu ba, in na gwada zan kifar da shi. Ja da baya ma ba zai yiwu ba, ruwan ya fi ƙarfina. Sai na yi abin da masu fito ke yi in kogi ya cika: ba a yi wa ruwa gardama, a karkace ake yanka shi. Na bar shi yana tafiya da mu, ina ta karkato da mu gefe kaɗan-kaɗan, har muka iso wasu turaku da ake ɗaure jirage, kafin gadar. Na rungumi ɗaya, na zagaya igiyar sau biyu. Daga nan hannuwana suka daina jin maganata.

Tsohon ne ya zo da jirgi mai inji ya tsamo ni kamar jiƙaƙƙen buhu. Tun daga nan har ɗakinsa na katako faɗa yake yi. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka. Ya lulluɓe ni da bargo, ya miƙo mini wani abu a ƙaramin kofi, na shinshina na mayar masa, ya girgiza kai ya dafa mini shayi. Haka na koma masauki da wandon tsohon, wanda ya tsaya mini a ƙauri, mutane suna kallon ɗan masuntan Wudil. Abokina yana biye da ni riƙe da jiƙaƙƙun kayana.

Bai ce komai a kan abin da ya faru ba a jirgin ƙasa, bai ce ba a Ingila, bai ce ba a teku. Ni ma na daina ba shi labarin igiyar ruwa.

Da muka dawo gida, na raka shi Lajawa. Tsohuwar ta kalle shi sau ɗaya ta kawar da kai, irin kunyar iyayenmu, sai ta juyo gare ni. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta ce, "Yaro, ba ka dai bar shi ya shiga ruwa ba ko?"

Bakin nan nawa da ba ya rasa magana, kafin in buɗe shi, abokina ya ce, "Inna, ko jiƙewa ban yi ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, Allah ya ba ni masu riƙe mini amana kamar yadda na riƙe tata. Ta sa aka kama mini zabi biyu. Na karɓa ina jin kamar na shiga rumbun wani. Har ta koma ga Allah, duk lokacin da na je gaishe ta sai ta maimaita addu'ar nan, ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce amin.

Abin ya koya mini abubuwa, ba na musu. Na daina dafa ƙirji in an ba ni amana, sai dai in ce Allah ya ba ni iko. In na je baƙon wuri aka tsaya nuna mini yadda ake abu, ina saurara, ko da na ga kamar na fi mai nunawar sani. Amma ba faɗawa ruwan ce ke damuna ba, wannan abin dariya ne, jikokina ma sun san labarin wandon. Abin da ya zauna mini a rai shi ne juyawar nan da na yi zuwa gaɓa, da kuma rashin sanin ko ya gani.

Sai bayan mun yi ritaya dukkanmu na samu ƙarfin tambaya. Muna zaune a ƙofar gidansa da la'asar, ana sussukar gero a gefe, na ce, "Malam, ranar nan a tafkin Turawa, da na faɗa ruwa, ka ga inda na fara nufa?"

Ya auna maganar kamar kullum. Ya ce, "Na gani. Hannu huɗu ka jefa. Na ƙirga."

Na ji kunya ta rufe ni, ni da furfurata. Na ce, "Shekara nawa ke nan, ba ka taɓa faɗa ba?"

Ya ce, "Me zan faɗa? Huɗu ka yi zuwa gaɓa. Waɗanda ka yi zuwa wurina na fara ƙirgawa, lissafin ya ɓace mini."