Malam Gide da Ayarin Gaisuwar Safe

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu a Ƙanƙara, kowa yakan nemi takalminsa ya nufi gida. Malam Gide ba ya nufar gida. Yakan zauna a kan dakalin bakin masallaci, ya ɗaure tsohon kambas ɗinsa a hankali, yana jiran tsofaffi su gama lazimi. Da sun fara fitowa sai ka ji ya ɗaga murya.

"Alhaji, ka ji an yi haihuwa gidan Mas'udu mai jaki? Jika namiji. Ba mu je barka ba."

"Jiya ma fa ka kai mu ƙarshen gari, Malam."

"To ni na ce su haihu a ƙarshen gari? Mu tahi, kada a ce mun yada zumunci."

Haka za su jeru, masu sanda da marasa sanda, su kama hanya. Kullum akwai wanda za a gaida. Yau dubiya, gobe ta'aziyya, jibi sannu da zuwa. Ranar da aka rasa dalili, an taɓa ganin su sun tafi yi wa wani murnar saniyarsa ta haihu. Gidan da za a je bai taɓa zama kusa ba, kuma ba a hawa babur. Zulaihatu mai ƙosai a bakin titi ta ce ba ta duba agogo, da ta ji ƙarar sandunansu ta san lokacin ɗora mai ya yi.

Wanda bai sani ba zai ce tsofaffi ne masu son lada. Haka ne. Amma akwai abin da Malam Gide yake yi a ƙarƙashin wannan gaisuwa, kuma shi ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna bai yi nisa ba.

Malam Gide mutumin Sabuwa ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da motsa jiki a makarantun firamare, daga Sabuwa zuwa 'Yankara ta ƙasar Faskari, daga can zuwa nan Ƙanƙara inda ya yi ritaya. Malamin tsalle-tsalle, haka ake kiran sa a bayan ido. Ba a taɓa tara mutane don a yaba masa ba. Da ya ajiye usur, sai ya duba gari ya ga abin da mu muke gani kullum ba mu lura ba: zauruka cike da tsofaffin da aka kwaso daga ƙauyuka saboda rashin tsaro, mutanen da suka saba yini a gona, yanzu suna zaune kan tabarma suna kallon bango.

Mahaifina, Baba Mani, yana cikin su. Manomi ne daga Mabai. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a gida ba. Da zaman ƙauye ya gagara, na ɗauko shi zuwa wurina, muka yi masa abin da kowane ɗan halak zai yi wa ubansa. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure. In ya miƙa hannu wajen buta, jika ya riga shi. In ya yunƙura zai tashi, a ce, "Zauna, Baba, me kake so?" Masallacin da ake hange daga ƙofar gida, a babur nake kai shi. Maƙwabta suna sa mini albarka, suna nuna ni ga 'ya'yansu.

Damina ɗaya ta wuce, Baba ya fara canzawa. Ya yi tambaya, a ba shi amsa, ya sake yin ta. Ya yini yana gyangyaɗi. Ya daina faɗa, shi da ko kunu aka dama da ruwa-ruwa sai an ji bakinsa. Wata safiya ya fita shi kaɗai, muka zagaye unguwa muna cigiya, sai can wajen tasha wani direba ya same shi yana tambayar mutane hanyar gonarsa. Ranar na sayo kwaɗo na sa wa ƙofar zaure.

Amma abin da ya fi girgiza ni ba ɓatan ba ne. Ni ne ɗan fari a wurin Baba, kuma shi irin mutanen da ne masu alkunya. Tun da aka haife ni bai taɓa faɗar sunana ba. "Yaron nan" nake, ko "wancan", har na yi furfura a gemu. Sai ga shi wata rana, a gaban baƙi, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Abdulgafar, kai ɗan gidan wa ne?" Sunan ya zauna a kansa, amma ya manta dalilin da ya sa ba ya faɗar sa.

'Yata Shafa'atu tana tsaye da kwanon ruwa a hannu. Da baƙi suka tafi ta ce, "Abba, kai ma in ka tsufa za ka manta mu?" Na ce mata ta je ta taya uwarta aiki. Ni mai yawan damuwa ne dama, yaro ya yi tari sai na kasa cin abinci. Daga ranar damuwata ta zama biyu, ta uban da ke zamewa daga hannuna, da ta 'ya'yan da ke kallo.

Na kai shi asibiti. Ma'aikaciyar lafiya ta auna shi ta ce jininsa ya hau, ta ba da magani. Ta ce mantuwar tsufa ba ta da allurar da ke warkar da ita, amma kada a bar shi zaune, ya riƙa motsa jiki. Na ce to. A hanya ina ta tunani, da wane baki zan ce wa ubana, dattijo mai farin gemu, ya tashi ya motsa jiki kamar ɗan firamare? Na bar maganar a can.

Malam Gide ne ya san bakin da ake faɗa. Wata asuba ina taimaka wa Baba ya hau babur, sai ya dafa kan babur ɗin.

"Abdulgafar, ina za ka kai mani dattijo?"

"Gida, Malam."

"Gidan nan da nike hange?"

"Ƙafarshi ce, Malam, ba ƙarfi."

"Ƙafarshi lafiya lau. Ka aje garma shekara guda cikin ɗaki ka ga in ba ta yi tsatsa ba." Sai ya juya ga Baba, ya rage murya. "Baba Mani, Mas'udu na 'Yargoje yana garin nan, ba ya jin daɗi. Ba tare kuka riƙa cin kasuwar 'Yankara ba?"

Baba ya dube shi. Ya ce, "Mas'udu mai jaki?"

"Shi fa."

"Yana raye?"

"Yana raye, yana cigiyarka."

Baba ya sauko da ƙafarsa daga kan babur. Na buɗe baki zan yi magana, Malam Gide ya ce, "Kai tahi kasuwarka. In ya faɗi, ni zan goyo shi."

Daga baya na fahimci dabararsa. Tsoho ba zai yarda a ce masa ya yi wasan motsa jiki ba, amma babu dattijon da zai ƙi zuwa dubiya. Kuma ba tafiya kawai yake sa su ba. Wanda mantuwa ta fi kamawa, shi yake sawa gaba. Sai ya ce, "Ni baƙo ne, mutumin Sabuwa, ku nuna mani hanya." Suna tafe yana tambaya: gidan wa ne wannan, ɗan wa ya aura, wace shekara aka yi farin nan da gero ya ƙone? Tsofaffi su kaure da gardama, wannan ya ƙaryata wancan. In na gaba ya ɓata hanya, Malam Gide ba ya gyara masa. Kowa ya bi shi har sai ya gane da kansa. In wani ya yi gunaguni ya ce, "Zagaye ma tahiya ce." Wanda numfashinsa ya yi sama, a zauna da shi a dakali har ya huta. Mai ciwon ƙirji kuwa ba ya shiga ayari sai ya je asibiti an duba shi.

Na taɓa tambayar sa mene ne haɗin ƙafa da kai. Ya ce, "Kai ba ɗan manomi ba ne? Ƙwaƙwalwa fadama ce, zuciya ce injin ban ruwa, ƙafa ke tada injin. In mutum ya yi tahiya jini ya hau kai, ya ci abinci, ya yi barci. In ya haɗa da hira da neman hanya, ya yi noma ya yi ban ruwa ke nan." Sannan ya kama hannuna ya ce, "Amma kada ka ɗauke ni boka. Ba ni da maganin mantuwa. Ja mata birki nike, in Allah ya yarda. Kuma kada ku bar maganin asibiti."

Ba Baba kaɗai ba ne. Alhaji Abdulganiyu, tsohon falken shanu, ya yi watanni ba ya magana bayan an kore masa garke. Iyalinsa sun ce yanzu sai an roƙe shi yake yin shiru. Matar Malam Gide, Hajiya Halimatu, ta ga abin ya yi kyau, ita ma ta fara jan tsofaffin mata zuwa gidajen barka da hantsi.

A gidanmu canjin a hankali ya zo. Gyangyaɗin rana ya ragu. Wata safiya na ji Baba yana faɗa a kan koko ya yi tsami, matata ta fito tana dariya tana cewa, "Alhamdu lillahi, Baba ya dawo." Ba zan yi ƙarya in ce ya warke ba. Har yanzu yakan manta ya ci abinci, wata rana yakan tambayi mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa. Kwaɗon ma ban cire shi ba a lokacin, ina dai buɗewa da asuba.

Sai ranar da ba zan manta ba, cikin kakar nan da ta wuce. Aka sallame salla, dakali ba kowa. Labari ya zo cewa zazzaɓi ya kwantar da Malam Gide. Tsofaffi suka tsaya cirko-cirko a bakin masallaci, kowa yana shirin komawa zaurensa. Sai na ji muryar Baba.

"To, yau an samu wanda za a gaida. Mu tahi."

Ya shiga gaba. Gidan Malam Gide yana can bayan kasuwa, kuma dole a bi ta tasha, inda Baba ya taɓa ɓata. Na kasa haƙuri. Na kashe babur na riƙa tura shi a bayansu daga nesa. Da suka kai mararrabar tasha, Baba ya tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Motoci suna ta oda, 'yan kamasho suna kiran Funtuwa, shi yana tsaye da sandarsa. Na jingina babur zan ruga. Alhaji Abdulganiyu ya hango ni, ya ɗaga mini hannu, alamar in tsaya inda nake. Babu tsoho ɗaya da ya ce uffan. Haka malaminsu ya koya musu.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Can Baba ya nuna da sanda ya ce, "Ta bayan masu niƙa." Ya karya kwana, ayari ya bi shi, har ƙofar gidan.

Aka fito da Malam Gide zaure, lulluɓe da bargo. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wa ya kawo ku?"

Alhaji ya nuna Baba. Malam Gide ya rufe fuska da gefen bargo, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba dariya ce ko kuka.

Ina raɓe a bakin ƙofa. Baba ya hango ni, ya kau da kai da sauri. Bai dube ni ba, ya ce wa Alhaji, "Ku ce ma yaron can ya maida babur ɗinshi gida. Ba a zuwa dubiya da hayaƙi."

Yaron can. Bai faɗi sunana ba. Na zagaya bayan katanga na yi kuka kamar wanda aka yi wa bushara, don na san ya san ko ni wane ne.

Malam Gide, kai ne ka ga tsatsa inda mu muke ganin hutu. Kai ne ka fitar da iyayenmu daga zaure ba tare da ka zubar musu da girma ba. An ce zumunci a ƙafa yake, kai ka nuna mana hankali ma yana bin ƙafa. Na Halimatu, usur ya yi ritaya, kambas bai yi ba. Ba gwamnati ta sa ka ba, ba wanda ya roƙe ka. Na gode, 'ya'yana sun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka hankalinka har ƙarshen rayuwa, ya sa takun nan a mizani.

Ku kuma 'yan uwana masu tsofaffi a gida, daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, ku ci gaba da girmama su, amma ku bar su su ɗauki butarsu. In tsoho yana iya takawa, ku raka shi, kada ku ɗauke shi. Kowace unguwa tana da mai ritaya ɗaya da zai iya zama a dakali ya ce mu tafi gaisuwa, kuma ba a rasa wanda za a gaida.

Ni ma yanzu da ƙafa nake zuwa rumfata. Shafa'atu ta tambaye ni ko babur ya lalace ne. Na ce mata a'a, amsar tambayarta ta rannan nake nema. Kwaɗon kuwa na cire shi daga ƙofar zaure, yana can a ƙofar ɗakin hatsi.