Matar da Ta Zo Ɗaukar Hayaniya

Ina jiran ɗiyata a gidan da yara ke bitar karatu bayan an tashi lakwal, wato makaranta, a unguwar Bukoki, ga wata mata tsaye da mikro na ɗaukar murya a hannu. Za ta kai shekara hamsin. Abin sauraro na kan kallabinta, yana zamewa tana gyarawa. Mushe Sumana, malamin yaran, ya raɗa mini cewa koyon aikin rediyo take. Yau gwajinta ne, hayaniyar yara aka ce ta ɗauko.

"Ku yi yadda kuka saba," in ji ta.

Yara talatin, tsit. Ko tari babu. Mushe kansa bai taɓa samun irin wannan shiru ba.

Tana kallon su ba fushi, kallon wadda nake zaton ta raini yara goma ko fi. Can sai ta ja tsaki.

"Kai, batir ya mutu. Mushe, zo mu je waje."

Ta bar jakarta kan tebur. Kafin su kai ƙofa ɗaki ya kaure da ihu da waƙa, wata har tana kwaikwayon muryarta.

Da ta zo wucewa ta kanne mini ido. Ƴar jar fitilar na'urarta ta ɗaukar murya tana nan kunne a bakin jakar.