Ranar da Baba Ya Buɗe Ido a Gona

Mahaifina malami ne kuma manomi a ƙauyenmu, yamma da Ɗanbatta. Bayan la'asar dattawan unguwa kan taru a zaurensa yana yi musu karatu, mu kuma mata muna jiyowa daga cikin gida muna surfe. Akwai karatun da ya fi so, har na haddace shi tun ina budurwa: kafin a yi sama da ƙasa, kafin a yi lokaci ma, Allah ne kaɗai, babu komai tare da Shi. Farkon abin da Ya halitta haske ne, daga cikin wannan hasken aka fitar da sauran halitta.

Da girma ya kama shi, sai yanar ido ta rufe masa gani. Ya daina zuwa gona, littattafansa suka koma cikin adaka. Ya yi shekaru a haka, har na yi aure a Bagwai na haihu.

Wata damina aka ce likitocin ido sun zo babban asibiti. Ni da yayana muka kai shi, aka yi masa aiki a ido ɗaya. Washegari da aka cire audugar, ya ɗan buɗe ya yi maza ya runtse, ya ce hasken ya yi masa yawa. Likita ya duba ya ce lafiya lau, ya ba shi baƙin tabarau. Baba bai sake buɗe idon ba har motar haya ta sauke mu a bakin titi.

"Ku bi da ni ta gona," in ji shi.

An yi ruwa da safe, gero ya kai ƙugu. Muka tsaya a bakin gonar, ina riƙe da hannunsa, 'yata a goye. Ya cire tabarau, ya buɗe idon a hankali.

Yaya ya ce, "Me kake gani, Baba?"

"Babu komai. Fari ne fat, ba sama ba ƙasa. Ku yi shiru."

Can sai ya ce, "Ga wani abu yana fitowa. Kore ne. Geron ne! Ga kukar can. Subhanallahi, daga cikin farin suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya."

Ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hawaye na zuba, ni kuma ina tsoron kada idon ya sami matsala.

"Shekara da shekaru ina faɗar wannan magana da baki," ya ce. "Wannan fa hasken rana ne kawai, bawa cikin bayin Allah. To ina ga hasken farkon?"

Gonar da na yi rarrafe a cikinta, sai na gan ta kamar yanzu aka gama yin ta, raɓar ruwa na ƙyalli a kan kowane ganye.

Ya juyo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in sauko masa da yarinyar, don bai taɓa ganin fuskarta ba. Ta cafki gemunsa, ya yi dariya.

Da muka isa gida, Inna ta fara faɗa a kan taɓon da ke jikin rigarsa. Sai ta lura idonsa yana bin ta duk inda ta yi. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta gyara ɗankwali.