Alhazai Ɗari Biyu da Sha Huɗu a Kwamfutar Ruƙayyatu

Shagon da Ruƙayyatu Sale take buga wa mutane takardu yana wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege, tsakanin mai gyaran rediyo da wata Bayarabiya mai sayar da burodi. A unguwar aka haife ta. Mahaifinta fataucin goro ya kawo shi daga Bichi, ya yi aure, bai koma ba. Ta koyi tafireta a Ebute Metta, ta yi wa wani lauya aiki a Obalende shekara goma sha biyu, har ya rufe ofis ya shiga siyasa da farar hula suka dawo. A shekarar 2000 ta karɓi shagon daga hannun Malam Zulkifilu, wanda idonsa ya fara rauni ya koma sayar da turare a ƙofar masallaci. Da shagon ta gaji wata tsohuwar kwamfuta mai shuɗin allo.

Masu sababbin injuna a Ikeja suna yi mata dariya. Ita kuwa ba ta damu ba, don ta gano abin da su ba su kula da shi ba: daga cikin manhajar da take rubutu, in ta danna maɓalli ɗaya, duk fayilolin da ke injin sai su jeru a gabanta. A nan take leƙa cikin fayil ba tare da ta buɗe shi ba, ta canza masa suna, ta ƙirƙiri folda ta tura shi ciki, ko ta share shi, sannan ta koma kan wasiƙar da take bugawa. Aikinta na kanta a tsare yake tsaf. Abin da Malam Zulkifilu ya bari ne ba ta taɓa samun sukunin taɓawa ba.

Wata Laraba da hantsi, cikin daminar 2001, Mariamu ta shigo da leda a hannu. 'Yar Maraɗi ce, mijinta Hashimu ya rasu bara ya bar mata 'ya'ya uku da rumfar gero a wata ƙaramar kasuwar hatsi. Sabon kwamitin kasuwar yana sake rajistar rumfuna, ya ce duk wanda bai kawo takarda ko shaidu ba zuwa Juma'a, rumfarsa ta koma hannun kwamiti. Ta zazzage ledar a kan tebur. Ruwan da ya shiga ɗakinta ya mayar da takardar rumfar kamar tuwo.

"Yaya Ruƙayya, a nan aka buga ta," in ji Mariamu. "Ni ban san waɗanda suka tsaya shaida ba. Maganar maza ce, bai gaya mini ba."

"Zauna, Maman Laila. In dai a injin nan aka buga ta, tana ciki."

Ta danna maɓallin, ta gangara zuwa tsofaffin fayiloli. ALHAJI.001, ALHAJI.002, haka suka yi ta sauka har ALHAJI.214. Injin harafi takwas kawai yake karɓa a sunan fayil, ban da uku na bayan ɗigo. Ta duba kwanan wata ko zai taimaka, sai ta tarar duk ɗaya ga Janairun 1980 suke nunawa, don batirin agogon injin ya mutu tun kafin zuwanta. Ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa Malam Zulkifilu kira.

Ya zo yana ƙamshin turare, ya sunkuya yana ƙifta ido a allon.

"Baba, wanne ne Alhaji Hashimu a cikin alhazan nan naka?"

"Yo ni ina zan sani? Dukansu alhazai ne."

"Me ya hana ka sa sunayensu?"

"Haba, 'yar nan! Dattijo sa'an ubana yana zaune a gabana, in rubuta sunansa gatsal ba Alhaji, yana kallo? In na sa Alhaji kuma wuri ya ƙare. Ku 'yan Legas ne ba ku da kunya."

"To ga kunyar taka za ta cinye rumfar marayu."

Ya shafa gemu. "Bayan Sallar layya ne dai, shekarar da soja suka sauka. Ya zo da mutum biyu. Ɗaya dogo."

"Madalla. Dogo ɗaya a duk Legas."

Mariamu ta yi dariya duk da halin da take ciki.

Ruƙayyatu ta sa injin ya lalubo duk fayil ɗin da ke da kalmar rumfa. Ya yi gurnani na ɗan lokaci, ya ware talatin da takwas. Ta ƙirƙiri folda ta sa mata suna KASUWA, ta shiga leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta gani, sai ta ba shi sunan mai shi ta tura shi foldar, don kada ta sake bi ta kansa. Akwai rumfar albasa, akwai ta tattasai, akwai takardar sulhu tsakanin mahauta biyu. Wani ɗan okada, mai haya da babur, ya shigo da takardar neman aiki, ta ce masa da Yarabanci ya dawo bayan azahar. Hannunta bai tsaya ba. Na ashirin da bakwai, ALHAJI.163, shi ne: yarjejeniyar rumfa mai lamba goma sha tara, tsakanin tsohon kwamiti da Alhaji Hashimu Maraɗi.

Ta karanta ƙasan takardar da ƙarfi. "Shaidu: Yari Ɗan Tawa, da Idi Mai Buhu."

Mariamu ta dafe ƙirji. "Idi ya koma gida tuntuni. Amma Yari yana kasuwar Mile 12, a 'yan doya. Ya zo gaisuwar rasuwa, bai ce mini komai ba."

"Ba ki tambaye shi ba ne. Ki ji da kyau: wannan da zan buga miki ba sa hannu a jikinta, ita kaɗai ba za ta tsaya miki ba. Mutumin za ki kai musu, takardar ta bi bayansa."

Firinta ta yi ta ƙara har ta fitar da kofe biyu. Ruƙayyatu ta sa su a ambulan, ta sa ambulan a sabuwar leda ta ɗaure bakin. Mariamu ta fita ta tari danfo, motar haya, zuwa Mile 12.

Ranar Juma'a kafin masallaci Yari ya tsaya a gaban kwamiti, ya faɗi ranar da aka yi yarjejeniyar da waɗanda suka halarta. Sakataren ya gwada maganarsa da kofen, ya tarar ba inda suka saɓa. Aka rubuta rumfa ta goma sha tara da sunan Mariamu, kuma ranar Asabar ta buɗe ta auna gero.