Yaya Ilu da Jar Gwaiduwa

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan, ku ba ni kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba ta gizo ba ce, ta yayana ce, Yaya Ilu mai ƙwai a hula.

Kun dai san shi. Dafaffen ƙwan salwa ba ya rabuwa da hularsa. Ko gardamar iyakar gona ake yi, sai ya tuɓe hula ya ce, "Bari mu tambayi ƙwai." Ya ɓare, ya raba biyu, ya ƙura wa gwaiduwar ido, ya cinye, ya tashi abinsa. Abin da ba ku sani ba shi ne mafarin halin.

Shekarar da ɗansa ya kawo masa salwa daga Dutse, a shekarar ne matarsa Yaya Hajo ta yi dogon zazzaɓi. Ta tashi, amma baki ya ƙi abinci. Tana ramewa muna kallo. A asibiti aka ce a riƙa ba ta ƙwai. Aka dafa, ta duba, ta ture kwanon.

"Wannan gwaiduwar da ta koɗe kamar ni? Ni ƙwan da na sani na zabin Aujara ne, ja wur. Shi zan ci."

Ga shi rani ne, zabi ba sa yin ƙwai. Yaya Ilu ya ce, "Ja take so? An gama."

Ya jiƙa zoɓo, ya zuba wa salwa. Na ce, "Yaya, baƙi ka yi?" Ya ce, "Ke dai Kande, abin da ya shiga ja, ja zai fito." Kowace safiya ya fasa ƙwai ya tambaye shi. Wallahi jan ya fito, amma ba ta inda ake nema ba. Kashinsu ya rine, gwaiduwa tana nan yadda take.

Sai ya koma barkono. Ya daka, ya gauraya da dusa, ya tsuguna yana jira su yi ihu. Suka cinye tas, ko atishawa babu.

"An cuce ni a kasuwar Kiyawa, barkonon nan ba yaji!"

Ya dumbuza ya watsa a baki. Jama'a! Har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da numfashinsa ya dawo, hawaye shaɓe-shaɓe, abin da ya fara cewa shi ne, "To su ina suke kai yajin?" Gwaiduwar ta ɗan yi ja kam, amma Yaya Hajo ta ce wannan jan idon mai fushi ne, ba na zabo ba.

Ni kuwa kullum ina kai mata kwaɗon zogale, kullum kwano ya dawo wayam, ina ta godiya ga Allah. Wata safiya Yaya Ilu ya fasa ƙwan kejin salwar da ke bakin ɗakinta. Sai ga gwaiduwa kamar cikin nunanniyar kabewa! Ya durƙusa gaban tsuntsaye yana cewa, "Don Allah me kuka ci?"

Daga ɗaki Yaya Hajo ta ce, "Kwaɗon Kande. Su nake juye wa, kada ta ji haushi."

"Ganye kore shar ya haifi ja?"

"Malam, ka taɓa ganin zabin Aujara suna shan zoɓo? Ciyawa suke ci."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ai ƙwai kake tambaya, ba ni ba."

Ta miƙo hannu. Aka dafa, ta ci ɗaya, ta ce a ƙaro. Na juya baya na share ido. Daga ranar bakinta ya buɗe. Shi kuma ya shiga shanya zogale a inuwa, yana dakawa da jar masara, yana gaya wa kowa dama can ya sani.

Yanzu Yaya Hajo tana unguwar Takur a Dutse wajen ɗanta, ta yi jiki, tana yi wa ƙwan kanti tsiya. Salwa ni na gaje su, kuma har yau kwaɗona suke ci. Yaya Ilu kuwa ya cika bara da damina. Da aka ɗauko hularsa, sai ƙwai ya gangaro. Yaya Hajo ta ɗauka, ta ɓare, ta raba biyu. Ja wur. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ci rabi, ta ba ni rabi.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya kai shi inda za a gaya masa inda salwa ke kai yaji. Amin.