Shekara Ukku da Na Ƙara wa Samiratu

Tun da hoton Samiratu ya fara yawo a waya, sanye da rigar ƙungiyar ƙwallon kwandon da ta ɗauke ta a Maroko, mata ke shigowa gidana suna yi mini barka, wai ni na share mata hanya. Bari in rubuta gaskiya kafin yabon ya shaƙe ni.

Samiratu ɗiyar ƙanena Magagi ce. A ƙauyenmu aka haife ta, da ranin da ya biyo bayan shekarar da fara ta cinye gonaki. Ba asibiti, ba takarda. An yanka rago, an raɗa suna, shi ke nan. Da aka yaye ta, Magagi ya kawo mini ita Filinge in riƙe, don ni ce mai bokon gidan. Na kai aji huɗu na kolej, na faɗi jarrabawar birebe sau biyu, amma a danginmu wannan ya isa a riƙa kawo mini ko takardar magani in karanta.

Yarinya ta yi ta miƙewa kamar hatsin da ya fito a kan juji. Tana shekara huɗu babu inda zan ɓoye sukari hannunta bai kai ba. Ni kuwa ina da rumfar atamfa a kasuwa, ina son in huta. Sai na ja ta zuwa lekwal, makarantar boko. A lokacin, daraktan jera yara yake yi, ya ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya isa karatu. Samiratu ta kamo kunne, har ta kusa kamo haɓa.

Darakta ya ce, "Wannan ai ta makara ma. Ina takardar haihuwa?"

Na tafi wajen alƙali da shaidu biyu, maƙwabtana, waɗanda ko hanyar ƙauyenmu ba su sani ba. Magatakarda ya tambayi shekarar haihuwa. Na yi lissafi a kaina: bakwai ake so, to bakwai za a samu. Na ce dubu biyu da biyu, da Faransanci kuma, don ya san da wa yake magana.

Duk ƙasarmu ta Kurfai rage shekara ake yi. Mai gemu yana yawo da takardar yaro don ya samu shiga soja. Ni kaɗai, mai boko, na ƙara.

Sau biyu ta maimaita aji. Na ce mata daƙiƙiya, na ce kan ubanta ta ɗauko. Ko sau ɗaya ban tuna ba cewa ɗiyar shekara huɗu na tura cikin ƴan bakwai.

A kolej ta gamu da Mushe Saminu, malamin wasanni, wanda ya sa mai walda ya lanƙwasa masa ƙarfe ya kafa a jikin sanda. Ranar da na je in yi masa tas kan ya bar mini ɗiya tana tsalle cikin wando, na tarar tana jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfen daga nesa. Na tsaya a bakin fili da zagina a baki, na ƙirga tara a jere, na koma gida da zagina. Shi ya samo mata lise, babbar sakandare, a Yamai, inda ake da fili na gaske.

Shekararta ta farko a can wasu mutane suka zo daga wata makarantar horo ta Dakar, suna neman yara mata ƴan ƙasa da sha bakwai. Karatu kyauta, horo, daga nan kuma ƙasashen waje. Yara sun fi ɗari, aka zaɓi ukku, ita ce ta fari. Sai aka ce kowa ya kawo takarda cikin kwana goma.

Ta kira ni ina rumfa. "Gwaggo, shekarata nawa?"

"Sha shidda mana."

"To takarda ta ce sha tara."

Na rufe rumfa na nufi wajen alƙali. Magatakardan da na tarar saurayi ne, ko kai bai ɗaga ba.

"Hajiya, ke ce ta biyar yau. Kowa ɗiyansa ƙanana ne."

"Ni ba irinsu ba ce! Gaskiya na zo in maido."

Ya ɗauko tsohon littafi ya juyo mini shi. Shaidu biyu sun dangwala yatsa. A ƙasa ga sa hannuna, da lanƙwasa, da wutsiya, ya ci rabin shafi.

"Wannan hannun wa?"

Washegari Magagi ya iso da ungozomar da ta yanke mata cibiya, tsohuwa tukuf, a bisa amalanke. Ta rantse cewa bayan fara ne, don ko hatsin kunun jego sai da aka aro. Saurayin ya ce, "Inna, na yarda da ke, amma fara ba ta sa hannu." Ya yi mana bayani da ladabi: sai an yi zama, an ji shaidu, sannan a bi takardun lekwal ɗaya bayan ɗaya a gyara. Wata shidda in an yi sa'a. Magagi, wanda bai taɓa taka ƙofar aji ba, ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe wannan shi ne bokon?"

Aka tafi Dakar da wadda ta zo ta huɗu. Tana Amurka yanzu.

Wata biyar Samiratu ba ta kira ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Tun da takarda ta ce babba ce, sai ƙungiyar manyan mata ta Yamai ta ɗauke ta. Matan da suka haihu biyu, ukku, suka yi ta dukanta da gwiwar hannu, har haƙori ɗaya ta bari a fili. Ta ci jarrabawar bak, ta shiga jami'a. Bara ƙungiyar jami'ar ta je gasa Abijan, a can mutanen Maroko suka gan ta. Sun saba ba sabbin ƴan wasa kwantiragin shekara ukku. Ita kuwa shekara ɗaya suka ba ta, wai mai ashirin da ukku ta riga ta gama girma, abin da aka gani shi ke nan. Yarinyar da bana ta cika ashirin!

Kafin ta tafi ta zo sallama. Na raka ta tashar Yamai, na yi ta kewaye-kewaye har direba ya tada mota, sannan na ce ta yafe mini.

Ta sunkuyo, don sai ta sunkuyo take jin maganata. "Na yafe, Gwaggo. Can sun ce in na yi ƙoƙari bana za su ƙara mini shekaru."

Na ce, "Allah ya sa."

Ta ce, "Amin. Amma ke kar ki taimaka."